Bango Ɗaya Aka Ce In Shafa

Ran Talata Mushe Lawali ya aiko,
wai in zo da buroshi da tsani
gidan gajiyayyu na bayan Kara-Kara,
baƙi na tafe daga Yamai ran Jumma'a.
Jaka goma sha biyar muka shirya,
bango ɗaya, mai kallon titi.
Na ciki, ya ce, ba a sa shi a lissafi ba.

Na dama shuɗi, na hau.
Mai tsani ya fi mai gida ganin gida.
Jarkoki ashirin sun yi sahu gaban famfo,
baki buɗe kamar 'yan tsaki.
Kwana tara ke nan, in ji mai gadi,
famfon bai ko yi tari ba.

Gindin dogon yaro ga Baba Kiyari.
Shekara arba'in ya yi a majema,
fatun da ya jeme sun taka har Makka
a ƙafafun mutanen da bai sani ba.
Yau tasa ta manne da ledar katifa,
gyambo a kwankwaso kamar bakin ludayi,
ƙudaje na ta kai caffa.
Ya ce, yaro, ni na san fata,
in aka bar ta gefe ɗaya, ruɓa take.
Tun Lahadi ba a juya ni ba.

Iya Tsahara idonta ya tafi, kunne bai tafi ba.
Ta ji motsina ta ɗauka likita ne,
ta miƙo tafi, ƙwayar hawan jini take jira.
Ƙwaya na kabad, mabuɗi na aljihu,
mai aljihu na Mirriya cin suna,
mako guda bai dawo ba.

Kada a zagi Habsu.
Ita ɗaya ce kan mutum ashirin da shida,
ita ce wanki, ita ce murhu, ita ce kwasar fo,
sabulun ma daga ɗakinta take ɓoyo shi a zane.
Wata huɗu tana zuwa da asuba,
ba a biya ta ba.

Da magariba ina wanke buroshi
amalanke ta fita ta ƙofar baya,
buhu uku, ta miƙe hanyar Kasuwar Dole.
Karatuna kaɗan ne, amma na iya jan rubutun jikinsu:
wannan ba na sayarwa ba.

Rajista kuwa, suna talatin da huɗu.
Takwas sun daɗe a maƙabarta,
suna nan suna cin tuwo a takarda,
safe da dare, har da ƙari,
alƙalami bai ji labarin rasuwarsu ba.

Jumma'a, zannuwa suka fito daga leda,
tankar ruwa ta zo, aka yayyafa tsakar gida,
aka kai Baba Kiyari ɗakin ajiya
tsakanin tsintsiya da karyayyen gado, aka ja ƙyaure.
Baƙi suka ɗau hoto jikin bangona.
Wata mai tabarau ta ce, wa ya yi fenti?
Hannunka da kyau, malam.
Magana ta taso min har maƙoshi,
sai na tuna jaka bakwai, cikon kuɗina,
suna aljihun Mushe Lawali.
Na ce na gode.
Ban ƙara komai ba.

Kafin la'asar an ninke zannuwa.

Asabar na koma ɗaukar tsani.
Ni da Habsu muka juya tsohon,
tsanina ma ya fi shi nauyi.
Ya dubi hannuna ya ce, aikinka ya bushe?
Na ce ya bushe, Baba.
Ya ce, to, madalla, ko bango ya samu mai duba shi.

Na ci tuwon kuɗin, yarana sun ci.
Kullum kananzir ke fidda min fenti,
na zuba, na cuɗa, na kankare da dutse,
shuɗin nan na ƙarƙashin farcena
har yau bai fita ba.